Yagewar Jijiyar Wuyan Hannu: Kurakuran da Aka Fi Yi

Ƙananan ƙasusuwa 8 ne a wuyan hannu, jijiyoyi masu tauri suka ɗaure su wuri guda. Idan mutum ya zame daga babur a Kawo, ko ya faɗi a filin ƙwallo ya dafe ƙasa da tafin hannu, jijiyar da ta fi yagewa ita ce mai haɗa biyu daga cikin ƙasusuwan nan, waɗanda ake kira scaphoid da lunate.

Abin da aka saba shi ne a ce targaɗe ne, a garzaya wurin mai ɗori ya ja ya murza. Jijiyar da ta ɗan tsage, ja na iya ƙarasa ta. Gashi da ruwan zafi a kwana biyun farko kuwa kumburi yake ƙarawa. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na minti 15 zuwa 20, a cire zobe da agogo, a ɗaga hannun, a tallafe shi kada ya motsa.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici na masu ƙoƙari ne. Sun je asibiti, an ɗauki hoto, an ce ba karaya, sai hankali ya kwanta. Alhali hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, hatta tsagewar scaphoid takan ɓuya har kwana 10 zuwa 14. In bayan mako biyu hannun yana ƙas-ƙas, ko ka kasa matse wanki, ko ka kasa dafa ƙasa in za ka tashi daga tabarma, koma. Nemi likitan ƙashi, a asibitin Barau Dikko da ke Kaduna ko a asibitin Shika da ke Zariya. Yana iya sa a sake hoton kana dunƙule da hannu, don a ga ko ƙasusuwan biyu sun buɗe fiye da milimita 3, ko ya tura ka MRI, hoton da ke nuna jijiya.

Jinkiri yana da tsada. Jijiyar da ta tsinke gaba ɗaya ta fi ɗinkuwa a makonni 6 na farko. Bayan nan sai aikin da ya fi girma, in kuma an bar ta shekaru, ƙasusuwan su goge juna har gaɓar ta lalace.

Masu shan maganin kashe zafi diclofenac daga kemis su koma ɗaukar kaya, zafin kawai suka rufe, ga kuma haɗarin gyambon ciki. Wanda aka sa wa filasta kada ya yanke ta a gida don ya ji sauƙi, kuma bayan an cire ya riƙa zuwa gashin ƙashi, in ba haka ba hannun sandarewa zai yi.