Kurakuran da ake tafkawa wajen sa imel ɗin ofis a wayar hannu

Da an ba mutum adireshin imel na wurin aiki, sai ya zaro wayarsa ya zuba shi, duk abin da ta tambaya ya danna amincewa bai karanta ba. A nan ake yin ɓarnar. Idan ka sa asusun Exchange, wato tsarin imel na Microsoft da ofisoshi ke amfani da shi, cikin manhajar imel da ta zo da wayar, sau da yawa kana miƙa wa ofis ikon goge wayar daga nesa. Wayar gaba ɗaya fa, har da hotunan suna da na biki. Ba sai da mugun nufi ba; ka bar aiki ko ka ce ta ɓata, ma'aikacin kwamfuta ya danna abu ɗaya, shi ke nan.

Maganin shi ne a raba gari. Tun Android 5.0 na 2014 akwai ɓangaren aiki na musamman, manhajojin cikinsa za ka gan su da alamar 'yar jaka. Ofis na iya share wannan ɓangaren kaɗai, kai kuma kana iya kashe shi da yamma ka huta. iPhone ta samu irin wannan tsari a iOS 13, shekarar 2019. In ofishinku bai tanadi ko ɗaya ba, gara ka sauko da Outlook, manhajar imel ta Microsoft, domin in ofis ya yi goge daga nesa, abin da ke cikin manhajar kaɗai zai tafi.

Wasu kuma tsoro ya yi musu yawa, suna zaton oga na karanta WhatsApp ɗinsu. Microsoft ta bayyana cewa ta Intune, manhajarta da ofisoshi ke kula da wayoyin ma'aikata da ita, ofis ba ya ganin hotunanka, saƙonninka ko shafukan da ka leƙa. Yana dai ganin samfurin wayar da sigar Android ko iOS da ke kanta.

Inda asiri ya fi tonuwa kalanda ce. Ka rubuta ranar ganin likita, ko ganawar neman wani aikin, ba ka lura a kalandar ofis ta faɗa ba. Sai abokin aiki ya zo neman lokacin taro ya ci karo da ita. Sa alamar sirri na taimakawa, amma a Google Workspace, wato imel da kalandar Google na ofisoshi, babban mai kula da asusun yana ganin komai duk da haka. Sha'anin gida a bar shi a kalandar gida, ta ofis ka nuna ba ka nan kawai.

Haka lambobin waya: duba asusun da suke shiga, kada ranar da aka rufe na ofis ka nemi lambar kawu ka rasa.

Tura wasiƙun aiki zuwa Gmail ɗinka don sauƙi, wannan kam a daina, yana iya jawo takardar tuhuma. Sannan ka ɓoye abin da sanarwa ke nunawa in waya na kulle, tunda tana yini a wurin mai caji, yara ma na buga wasa da ita. Kafin ka kai ta gyara ko ka sayar, cire asusun ofis tukuna.