Yadda Ake Gane Tsohuwar Bindigar Soja ta Asali da Shekarar Ƙirarta

Masu tara tsofaffin bindigogin soja sun sha tambayata yadda ake tantance su. Ga matakan:

1. Ja sakata (ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu) baya, ka tabbatar da idonka babu harsashi a ciki.

2. Goge ƙura da busasshen ƙyalle. Kul ka kankare ƙarfen ko katakon, domin hatimai na iya shafewa, darajar bindigar ta faɗi.

3. Nemo tambarin masana'anta. A Mosin-Nagant ta Rasha, tauraro mai kibiya na Tula ne, kibiya cikin alwatika na Izhevsk. A K98k ta Jamus, "byf" masana'antar Mauser ce ta Oberndorf.

4. Karanta shekara. Mosin tana ɗauke da ita a gindin bututu. Lee-Enfield No. 1 Mk III ta Ingila kuwa, a ƙarfen da ke bayan kunama take, ƙarƙashin hoton kambi.

5. Gwada lambar sakata da ta jikin bindiga. Nan aka fi yin tuntuɓe. Lamba ɗaya ba ta isa hujja ba. Yawancin K98k da Rasha ta kama a yaƙi an hargitsa sassansu, sannan aka zana lamba da alƙalamin lantarki. Zanen yana fitowa ɗigo-ɗigo, ba zurfi. Na asali bugu ne.

6. A K98k, duba hatimin gaggafa na sojan Jamus da gilashin ƙara girma. Sabon hatimi a kan gogaggen ƙarfe alamar jabu ce.

7. Nemi "FTR" a Enfield: an yi mata gyaran masana'anta daga baya.

8. Kai wa ƙwararren maƙerin bindiga ya duba kafin ka biya.