Yadda Ake Amfani da Kalmar "Dozen" a Turanci

Duk wanda ya taɓa sarin sabulu ko safa a babbar kasuwar Kaduna ya san dozin, wato guda 12. Daga Turanci muka aro kalmar, inda ake rubuta ta "dozen", su ma mutanen Ingila daga Faransanci suka samo ta. Ma'anarta ba ta ba kowa wahala, amma wajen sa ta cikin jimla ɗalibanmu suka fi yin tuntuɓe, kuma abin yana damuna domin gyaransa ba shi da wuya.

Idan lamba ta zo kafin kalmar, kada ka ƙara mata harafin "s", kada kuma ka sa "of" tsakaninta da sunan kayan. Mai son ƙwai 24 zai rubuta "two dozen eggs", ba "two dozens of eggs" ba, duk da cewa wannan na biyun ya yawaita a bakin mutane har kunne ya saba da shi. Guda 6 kuma "half a dozen" ake cewa. A kula cewa kiret ɗin ƙwai da muke saya guda 30 ne, wato dozin biyu da rabi, don haka kada a kira shi dozin a takardar ciniki.

Inda "s" da "of" suke shigowa shi ne lokacin da ba a san adadi ba. Idan jarida ta rubuta "dozens of traders", ba ta ƙirga kowa ba, tana nufin 'yan kasuwa da dama ne, waɗanda galibi sun wuce 20 amma ba su kai ɗari ba. Mai fassara sai ya ce gomman 'yan kasuwa, kada ya ce 12, domin yin haka ƙirƙirar adadin da ba a faɗa ba ne.

Akwai kuma "baker's dozen", wanda yake nufin 13. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne masu gasa burodi a Ingila ta da sukan ƙara guda ɗaya don gudun hukuncin tauye awo, kusan irin gyaran da mai tumatir yake yi maka a Kasuwar Barci. A harkar sari kuwa, dozin 12 shi ne "gross", wato guda 144.