Ciwon Suga Na Goyon Ciki: Yadda Za Ki Raba Abincinki

Idan kin sha ruwan gulukos a wajen awo, tsakanin mako na 24 da na 28, aka ce suganki ya hau, mabiyiya ce ke fitar da sinadaran da ke dakushe aikin insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini. Sugan da ya taru a jininki yana ƙetarawa wurin jariri, ya yi ta ƙiba har ya haura kilo 4. Daga nan haihuwa ta zo da gardama, kafaɗa ta maƙale, ko a kai ga tiyata.

Da an faɗa wa wasu mata haka sai su yi sallama da tuwo. Wannan ɓarna ce. Mai ciki na buƙatar aƙalla giram 175 na sitaci daga abinci a rana, in kuwa ta zauna da yunwa jiki zai koma ƙona kitse, abin da ba a so ga jariri. Rabawa ake yi: babban ci sau uku, ɗan taɓawa sau biyu ko uku, na ƙarshe kafin kwanciya.

Karin kumallo ne ya fi ba da wahala, don da safe jiki ya fi bijire wa insulin. Koko an tace shi, an zubar da dusar, ga shi ruwa-ruwa, nan da nan yake shiga jini ko ba a jefa masa suga ba. Masa da shayi mai zaƙi ma haka. Ki karya da ƙwai biyu da yankan burodi ɗaya, ko alale, ko ƙosai da kwaɗon zogale marar suga. In ranki ya nace sai kokon, ludayi biyu bayan kin ci ƙwai ko awara.

Da rana da dare, rabin faranti ganye ne da miya: kuka, kuɓewa, alayyafo, kabeji. Kashi ɗaya cikin huɗu kifi, nama ko wake, sauran kuma tuwo, malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunki. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa ya kai giram 45 na sitaci, saboda haka ki haɗa ta da wake ki rage yawanta. Tuwon dawar da ba a surfe ba ya fi na shinkafa jinkirin ɗaga suga. Bazazzagiya ba a raba ta da fate, sai dai a rage tsakin, a cika rama da gyaɗa. Acca da alkama da ake ta yabo su ma sitaci ne, awonsu ɗaya da tuwo.

Lemon kwalba mai santilita 35 na ɗauke da suga kusan ƙwaya tara. Shi da maltina, kunun zaƙi, rake, mazarƙwaila da zuma a jingine su. Lemon zaƙi ki ci ɗaya da naman cikinsa, kada ki matse.

Ba a rage ƙiba da ciki, ƙaruwar ake lura da ita. Wadda nauyinta ke daidai kafin ciki za ta ƙara kilo 11.5 zuwa 16 har haihuwa, mai ɗan jiki 7 zuwa 11.5, mai teɓa sosai 5 zuwa 9. Ma'aikatan awo, a asibitin koyarwa na Shika ko asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan a Zariya, za su faɗa miki rukuninki daga tsawonki da nauyinki. Tattaki na minti 10 zuwa 15 a tsakar gida bayan kowane ci yana sauke suga, matuƙar likita bai hana ba.

Na'urar gwaji ce alƙali. Ki soki gefen yatsa sau huɗu a rana, da hannu wankakke, don ɗigon mangwaro a yatsa kan ba da lambar ƙarya. A ma'aunin mg/dL, kafin karyawa ana son ƙasa da 95, awa ɗaya bayan fara ci ƙasa da 140, awa biyu ƙasa da 120. Rubuta lambar tare da abin da kika ci, cikin 'yan kwanaki za ki gane abincin da ba ya karɓar ki. In an yi mako ɗaya zuwa biyu lambobin sun ƙi sauka, likita zai ƙara allurar insulin ko ƙwayar metformin. Jiƙon shuwaka ko maɗaci ba ya maye gurbinsu. Kada ki ɗauki azumi sai kin shawarci likita.

Bayan haihuwa, tsakanin mako na 6 da na 12, ki koma a sake gwajin gulukos ɗin, ko da kina jin garau.