Yadda za ka haɗa fiyano ko jita ba kebul, kuma kiɗa bai makara ba

Duk wanda ya taɓa jona fiyanonsa da lasifikar Bluetooth ya san abin da nake nufi. Ka danna madanni, ka ɗauke yatsa, sannan sauti ya fito, kamar mai amsa sallama daga ƙuryar ɗaki. Ana auna wannan jinkiri da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa guda, ke nan kowace mita tsakaninka da lasifika tana cin kusan milisakan 3. Jinkirin milisakan 10 tamkar ka tsaya mita uku da ɗoriya daga lasifika ne, yawancin makaɗa ba sa ma jin sa. Daga 20 zuwa sama hannu yake fara rikicewa.

Mataki na farko: tantance abin da kake so ka aika

Abu biyu ne suke fita daga fiyano, kuma a nan mutane suke ruɗewa. Akwai sautin kansa, akwai kuma MIDI, wanda ba sauti ba ne, umarni ne kawai: an danna madanni kaza, da ƙarfi kaza, an sake shi. Tun 1983 ake aika shi ta kebul mai fil biyar, kuma saƙon madanni ɗaya kusan milisakan 1 yake ci. Da yake saƙon ɗan mitsitsi ne, Bluetooth yana ɗaukarsa ba wahala. Sauti kuwa sai an matse shi, an tara, an aika, can a warware, shi ya sa iyafis da lasifikar Bluetooth na yau da kullum suke makara da milisakan 100 zuwa 300. A kiɗan da aka saita a kan bugu 120 a minti, bugu ɗaya milisakan 500 ne, ka ga 200 ta kusa rabin bugu. Ko tsarin aptX Low Latency da aka yi don rage matsalar, wajen 40 yake tsayawa.

Saboda haka MIDI ya bi Bluetooth zuwa wayar hannu ko kwamfutar da za ta mai da shi sauti, sauti ya bi kebul ko na'urar rediyon da aka ƙera don makaɗa. Kada kuma alamar Bluetooth a jikin fiyano ta yaudare ka. A wasu samfuran amfaninta kawai ka kunna waƙa daga wayar hannu ta fito ta lasifikar fiyanon.

Mataki na biyu: leƙa bayan fiyanonka

In ka ga ramuka zagayayyu biyu, MIDI IN da MIDI OUT, sai ka nemi ƙaramar na'urar da ake cusawa a ramukan ta aika MIDI ta Bluetooth, irin Yamaha MD-BT01, Roland WM-1 ko CME WIDI Master. MD-BT01 da WIDI Master daga ramin OUT suke shan wuta, ba ruwanka da caji. In kuwa USB TO HOST kaɗai ka gani, kamar yadda ƙananan Yamaha PSR na jerin E suke zuwa yanzu, to irin UD-BT01 kake bukata, ita kuma sai an ba ta wuta daga caja.

Mataki na uku: haɗawa

Apple ne ya fara kawo MIDI ta Bluetooth a 2014, shi ya sa abin ya fi sauƙi a wajensu. A iPhone ko iPad kada ka je saitin Bluetooth na wayar, ba za ka ga komai ba. Daga cikin manhajar kiɗan ake haɗawa, misali saitin GarageBand. A Mac buɗe Audio MIDI Setup ka danna alamar Bluetooth. Android yana karɓa tun sigar 6, sai dai wayoyin sun sha bamban, wata ta yi kyau, wata ta sa ka cizon yatsa.

Windows ne mai gardama, kuma shi ne a yawancin sitidiyonmu. Manhajojin kiɗa da dama ba sa ganin MIDI na Bluetooth kai tsaye a kansa. Ana yin dabara da ƙananan manhajoji biyu, amma ni ban ga dalilin wahalar ba. Sayi WIDI Bud Pro ko Roland WM-1D ka cusa a ramin USB, kwamfuta za ta ɗauka kebul aka jona mata, manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio ta gan shi nan take.

Bluetooth ba ya aika saƙo a duk lokacin da ka danna, jira yake zagayensa ya zo, kuma mafi gajartar zagayen a ƙa'idar da aka saba da ita milisakan 7.5 ne. Shi ya sa wani madannin yake fita da wuri, wani ya ɗan dakata. A kiɗa mai sanyi ba za ka lura ba. In kana buga ganguna ko kalangu da madannai, a nan kunne yake kama shi.

Mataki na huɗu: gyara kwamfutar kafin ka zargi Bluetooth

Sau da yawa laifin ba na iska ba ne. Shiga saitin sauti na FL Studio, zaɓi ASIO, wato direban sauti mai rage jinkiri, ka duba Buffer length, wato yawan sautin da kwamfuta take tarawa kafin ta fitar. In yana kan 512, milisakan 11.6 ke nan ya tafi kafin komai. Sauke shi zuwa 128 ya koma kusan 3. In sauti ya fara ƙaraf-ƙaraf kamar ana toya gyaɗa, kwamfutar ta gaza, koma 256. Hedifon kuma mai kebul za ka sa.

Mataki na biyar: jita, da sautin fiyano zuwa miksa

A nan na'urar rediyo mai aure ake amfani da ita, ɗaya a jikin jita, ɗaya a miksa ko amfilifaya. Boss WL-20 jinkirinta milisakan 2.3 ne, bai kai na tafiyar sauti mita ɗaya ba. In fiyano za ka jona, cusa a ramin L/MONO, ka rage murya tukuna, don fiyano ya fi jita ƙarfin fitarwa, yana iya sa sauti ya kece.

Matsalar waɗannan ba jinkiri ba ce, yankewa ce. Yawancinsu a zangon 2.4 GHz suke, tare da Wi-Fi da Bluetooth. Na taɓa gwada tawa da la'asar a wani ɗakin biki, zauren babu kowa, na zagaya har bakin ƙofa lafiya lau. Da dare aka cika, kowa da wayarsa, masu ɗaukar hoto sun kunna intanet, 'yan liƙi suka tsaya tsakanina da miksa. Ana shigo da amarya sauti ya fara ɗaukewa. Jikin mutum yana shanye wannan zangon. Tun daga ranar nake ɗora mai karɓar sautin, wato ta wajen miksa, a kan wani abu mai tsayi inda zan riƙa hango ta, nesa da na'urar Wi-Fi da aƙalla mita biyu, kebul kuma yana naɗe a gefen ƙafata.

Mataki na shida: auna da kanka

Ajiye wayar hannu kusa da madannai da lasifika, ka kunna naɗar murya. Zaɓi sauti mai kaifi irin na sanda a kan ganga, ka ƙwanƙwasa madanni da farce sau goma. Buɗe abin da ka naɗa a manhajar gyaran sauti ta Audacity, ka faɗaɗa shi, za ka ga tsini biyu: na farcenka da na lasifika. Tazararsu ita ce jinkirinka. Maimaita da kebul, ka debe wannan daga wancan, abin da ya rage shi ne kuɗin da Bluetooth ya caje ka. Ka duba kuma ko goman sun yi kusa da juna. In ɗaya ya ba ka 12, wani 25, matso da na'urorin kusa, kashe Wi-Fi na kwamfutar, ka sake aunawa.