Yadda Ake Gane Ko Rufin Katako Na Gareji Zai Ɗauki Faifan Sola

Gidaje da yawa a Zariya, daga Samaru har Tudun Wada, garejinsu rumfa ce ta katako da kwano. Da an tashi sa sola kuwa, nan ido yake fara kaiwa, don ba ta da tsayi kuma rana na dukanta sosai. Zai yiwu, amma sai an duba.

Fara da lissafin nauyi. Faifai mai wat 550 nauyinsa wajen kilo 28 ne, tsawonsa mita 2 da 'yan kai, faɗinsa mita 1 da kaɗan. Guda 6 ke nan kilo 168. Haɗa da ƙarafan da za a ɗora su a kai, ka ce kilo 200, wato buhu 4 na siminti, kuma a baje yake bisa fili mai kusan murabba'in mita 16. Katako mai lafiya ba ya jin wannan.

To lafiyar ce abin dubawa. Ka sa tsani ka hau da tocila da sukurudireba, ka riƙa caka kowane katako, musamman inda ya shiga bango da inda kusa ta ratsa. Idan ta nutse kamar a burodi, ko ka ga gari na zubowa, ko hanyar ƙasa ta bi jikinsa, gara ta riga ka. Na taɓa ƙwanƙwasa wani tu-bai-fo (katako mai inci 2 da inci 4) a rumfarmu wanda daga waje sumul yake, sai na ji yana amsawa kamar ganga. Ashe ɓawo kawai ya rage. Irin wannan cire shi ake yi, kada a ce za a yi masa kwaskwarima. Farin katako ya fi saurin cinyewa, don haka idan za ka canza, ka daure ka sayi ja, a shafe shi da maganin gara na Solignum ko baƙin mai.

Daga nan ka ɗaure zare daga wannan ƙarshen katakon zuwa wancan. Idan tsakiya ta lotsa ta bar zaren, rufin ya gaji tun kafin a ɗora masa komai. A ƙara dirka a tsakiya, ko a haɗa masa wani katakon a gefe da noti.

Abin da ya fi damuna shi ne iska. Kowa ya san guguwar farkon damina a nan, wajen Afrilu da Mayu, yadda take yaye kwano. Gareji kuma a buɗe yake, iska na shiga ta ƙasa ta ɗaga rufin sama, faifan kuma ya zame mata abin kamawa. Saboda haka kada ka yarda mai haɗa sola ya ɗaure faifai a jikin kwano kawai, ko ya ɗaure da waya. Noti ya ratsa kwano ya kama babban katako, a sa roba a bakin hujin don hana yoyo. Shi kansa rufin a ɗaure shi da bango ko dirka da ƙarfe, kusa kaɗai ba ta isa. Kuma a ja faifan ciki, kada ya leƙo bakin rufi.

Zariya tana wajen digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, don haka faifai ya kalli kudu da ɗan gangare, digiri 10 zuwa 15, yadda ruwa zai riƙa wanke shi. A bar ɗan fili tsakaninsa da kwano don iska ta ratsa, zafi na rage masa wuta.

Ka kuma tuna da hunturu, dole wani ya riƙa hawa yana goge ƙura. Mutum mai kilo 70 tsaye wuri guda ya fi faifai wahalar da katako, sai a shimfiɗa falanki ya taka. Idan kafinta ya duba ya ce rufin ba zai jure ba, kira mai walda ya kafa ƙafafun ƙarfe daban, faifan ya zauna a kansu.