Kurakuran da ke lalata kwale-kwale a lokacin ajiya

Kwale-kwale da yawa a Yauri da bakin tafkin Kainji a tudu suke lalacewa, lokacin da mai shi ya janye shi daga ruwa don tafiya gona ko jiran kifi ya dawo. Rana da danshi ne ke cinye su, kuma galibi garin guje wa ɗaya ake faɗawa hannun ɗayan.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin jirgin katako a fili. A watannin Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40 a yankin Kabi. Katako yana bushewa ya tsuke, haɗin allunan ya buɗe, kwaltar da aka liƙe da ita ta narke ta zube. Ranar da aka mayar da shi ruwa sai yoyo ta ko'ina. A yi masa rumfa ko da ta zana ce. In kuma ya riga ya bushe, kada a ɗora masa kaya nan take. A bar shi ya kwana biyu ko uku a ruwa mara zurfi har katakon ya kumbura, sannan a toshe inda ya rage.

Wanda ya ji tsoron rana kuma sai ya naɗe jirgin da leda ko tamfol, ya ɗaure tam. Wannan ya fi ba ni takaici, domin mai shi ya kashe kuɗi da niyyar kirki. Danshin da ke cikin katako ba shi da hanyar fita, zafi ya dafa shi, hunhuna ta kama, daga nan sai ruɓewa. A ɗaga tamfol a kan sanduna yadda ba zai taɓa jikin jirgin ba, a bar gaba da baya a buɗe iska ta ratsa.

Kada a ajiye shi a ƙasa kai tsaye, gara na nan tana jira. A ɗora shi a kan bulo ko duwatsu, a kife shi don kada ruwan sama ya kwanta a ciki. Kafin nan a wanke laka da ƙayar kifi, a fitar da koma da igiya su bushe daban.

In hunhuna ta riga ta fito, a goge da buroshi da sabulu, a bi da ruwan bilic da aka tsarma, a ɗauraye. Wasu kan shafa fenti a kai don ɓoye baƙin. Fenti a kan jiƙaƙƙen katako kulle danshi yake yi, ruɓewa ta ci gaba a ƙarƙashi ba a gani. Sai ya bushe sosai a inuwa tukuna a shafa masa fenti.

Jirgin faiba, wato wanda aka yi da roba mai tauri haɗe da zaren gilashi, ba ya ruɓewa, amma rana na koɗar da fatarsa har ta riƙa fitar da farin gari a hannu, don haka shi ma yana son rumfa. Injin kuwa a cire shi, a ƙarar da fetur ɗin da ke kabureta, a jingine shi a tsaye cikin ɗaki.